Wuƙar Layyar da Kuke Nema

Wuƙar nan da kuke ta nema tun bayan Babbar Sallah, mai ƙotar ƙaho, wadda kuka zazzage ɗakuna da rumbu saboda ita, ni na ɗauke ta. Ba Ɗanladi mahauci ba ne. Bawan Allah ya zo ya feɗe muku rago, ya wanke hannunsa ya kama hanya, ko tsinke bai fita da shi ba. Na ji da kunnena abin da yayanku Abba ya gaya masa a ƙofar gida a gaban jama'a, na kuma yi shiru, domin shiru ya daɗe da zama sana'ata. Yau na zaunar da Binta da takarda da biro, tunda ita ce malamar makaranta a cikinku, ni kuwa ko baƙin farko na sunana ban sani ba. Na ce mata abin da na faɗa shi za ta rubuta, kada ta gyara mini, kada ta sassauta. In ta gama a karanta wa kowa, da na gida, da na Kano, da wadda ke aure a Babura.

Kun tuna ranar Sallar. An kayar da rago a tsakar gida, Abba ya ɗora wuƙa, sai Nura, babban ɗansa, ƙato da shi har da gemu, ya kau da kai gefe. Abba ya ɗago yana dariya ya ce:

"Kai, jama'a ku dubi wannan! Wallahi ya gado Kofur. Sojan da ya je yaƙi ya dawo yana gudun kaza!"

Kowa ya yi dariya, har matan da ke bakin murhu. Ina zaune a kan tabarmata ina kallon haƙoranku. Babu ɗaya a cikinku da ya san Kofur. Ba ku san tsawonsa ba, ba ku san muryarsa ba, hotonsa ma guda ɗaya ne kuma gara ta ci rabinsa. Abin da kuka gada a kansa dariyar nan ce kawai. To, Kofur ubana ne, kuma yau za ku ji abin da kuke yi wa dariya.

Mu asalinmu Barebari ne. Kakanninmu daga gabas suka zo da fatauci, suka zauna a wani ƙauye a ƙasar Roni, a gindin duwatsu. Baba ɗan malami ne, ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, kuma kafin ya shiga soja shi ne mai yi wa unguwarmu yanka. Kaza, akuya, ragon suna, ragon layya, duk ƙofarsa ake kaiwa, domin an ce hannunsa na da sauƙi, dabba ba ta wahala a wurinsa. Wannan ban gani ba, Iya ce ta gaya mini, mahaifiyata ke nan. Ina goye ya tafi. Da aka gama yaƙin basasa ya dawo, ina famfara a lokacin. Mota ta sauke shi a Kazaure, ya tako da ƙafa har gida da akwatin ƙarfe a ka. Na ga dogon mutum baƙi, da tsagen Barebari a fuska, ya tsaya a ƙofar gida, na ruga na ɓuya a bayan Iya. Ya ajiye akwatin, ya tsuguna har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya ce:

"Iyata, ba ki gane ɗanki ba?"

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Zara, shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. Iyata yake cewa. In na yi laifi Iya ta ɗauko tsumagiya, sai ya shiga tsakani ya ce wa ya isa ya daki uwarsa a gabansa. In ya je kasuwar Kazaure, ko da bai sayo wa kansa komai ba, akwai rakena a cikin jaka, ya kuma zauna ya fere mini shi da haƙori gaɓa-gaɓa. Shi ke share ƙofar gidansa da kansa kafin rana ta fito. Kunyar gonarsa a miƙe take kamar an ja zare, har mutane kan tsaya a hanya su kalla. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, labarin yaƙi kuwa ko an ja shi sai ya ce an yi an gama, Allah kada ya maimaita. Abu ɗaya ne ya canza a gare shi: ya daina yanka. Ranar da ya dawo Iya ta kama zakara ta miƙa masa don a yi masa miya. Ya dubi zakaran, ya dubi wuƙar, ya mayar da hannuwansa baya ya ce a kai wa Malam Ilu maƙwabcinmu. Tun daga ranar ni ce mai kai kaza gidan Malam Ilu. Da layya ma Liman ake kira, Baba kuwa sai ya ɗauki fartanya ya nufi gona, ko da rani ne babu abin nomewa, ba ya dawowa sai an rufe jinin da ƙasa.

Kun san ƙauye. Da farko an yi mamaki, sannan aka yi gulma, daga baya abin ya zama abin dariya. In na wuce da kaza a hammata sai na ji daga majalisa:

"'Yar Kofur, riƙe ta da kyau, kada ta kuɓuce ta kori babanki!"

Yana ji. Bai taɓa tankawa ba. Wani lokaci ma murmushi yake yi, ya wuce masallaci. Ni ce abin ke ci. Ina son ubana kamar raina, ina kuma jin kunyar abin da ake faɗa a kansa, su biyun suka girma tare a cikin ƙirjina.

Da na isa aure na auri babanku, Allah ya jiƙansa. Ni na so shi, shi ya so ni, babu wanda ya matsa wa wani. Su Fulani ne na wajen Gwiwa, masu shanu da gona. Kun kuwa san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari: wasa. Bafulatani ya faɗa wa Babarbare duk abin da ya zo bakinsa, Babarbare ya rama, wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi. To gidan nan na shiga, da labarin ubana ya riga ni isa. Akwai ƙanen surukina, Baffa Yero, ɗan siriri mai baki kamar reza, da ƙanwarsu Goggo Dije. Ba mugaye ba ne, kada ku ce na ce mugaye ne. Goggo Dije ita ta koya mini dama fura irin tasu, ita ke ɓoye mini man shanu. Amma ba a taɓa yanka ko tattabara a gidan ba sai an neme ni.

"Ina Babarbariyar nan? Zara, shiga ɗaki ki ja ƙofa, za a yi yaƙi!"

"Baffa, ai ni ba na tsoro."

"A ina kika samo zuciyar? Ba dai a gida ba. Mu dai mun ji an ce da abokan gaba sun sani, da kaji suka saki a filin daga, da tuni an tashi."

Sai a fashe da dariya, ni ma in yi, domin in ban yi ba an ce amarya ba ta san wasa ba. In na shiga ɗaki kuma in ciji zane. Shekara guda da rabi ina haɗiyar wannan.

Da cikina ya tsufa aka kai ni gidanmu goyon ciki, tunda haihuwar fari ce. Ana gab da shuka na sauka, namiji. Babanku ya aiko cewa sunan Baba zai sa wa yaron. Da aka gaya wa Baba, Iya ta ba ni labari cewa ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito idonsa jajir, ya zo bakin ƙofata ya ce a miƙo masa takwaransa. Ya rungume shi ya yi masa addu'a doguwa, yana shafa kansa da babban yatsa. Ku riƙe wannan, domin a kwanaki shidan nan kullum sai ya ɗauke shi, safe da yamma.

Ana gobe suna, da la'asar, Baffa Yero da Goggo Dije suka iso da rago fari mai baƙin wuya, da goro, da wuƙar gidansu a cikin kube, wannan dai mai ƙotar ƙaho. A gidansu suna da wata al'ada tun kakanni: in aka yi wa mutum takwara da ɗan fari, shi mai sunan ne zai yanka ragon da hannunsa, da wuƙarsu, don albarkarsa ta bi yaron. Girmamawa ce, ba a yi wa kowa. Baffa Yero ya miƙa wa Baba wuƙar a zaure da hannu biyu. Ina jiyo su daga ɗaki. Baba ya yi godiya, ya ce Liman zai wakilce shi.

"Liman kuma? Kofur, sunan Liman aka sa wa yaron? To bari in gaya maka, ragon nan na zaɓo shi mai haƙuri, ko tunkuyi ba ya yi. In kana so ma sai mu ɗaure masa ido kada ya harare ka."

Mazan zaure suka kwashe da dariya. Na ji muryar Baba a hankali yana cewa:

"Yero, a bar wa Liman."

Goggo Dije ta shigo ɗakina ta zauna, ta ɗauki jariri tana yi masa rawa tana cewa, "Allah sarki ɗan nan, ka shiga uku, an sa maka sunan jarumi." Ta dube ni ta ce, ba da wasa ba wannan karon, a danginsu ba a taɓa mayar da wuƙar nan ba a yi amfani da ita ba, kuma in aka koma da labarin, ita ba ta san bakin da za ta tare ba. Da ta fita, Iya ta shigo da kunun kanwa. Ta ajiye ƙwaryar, ta dubi fuskata, ta gane abin da ke raina tun ban faɗa ba.

"Zara, kada ki roƙe shi."

"Iya, rago ne fa. Rago ɗaya."

"Na ce kada ki roƙe shi. Shekara goma tun dawowarsa ina kwana ɗaki ɗaya da mutumin nan. Abin da ban tambaya ba, ke ma kada ki taɓa."

Ban ji ba. Ina da ƙuruciya, ina da ɗa namiji a cinya, ina ganin duniya ta zama tawa saura wannan abu ɗaya. Na hango kaina na koma Gwiwa, na hango Baffa Yero yana ba da labarin a kowane suna da kowane biki har in tsufa, na hango ɗana ya girma ana kiransa da abin da ake kiran ubana. Da Iya ta tafi rijiya, na aika a kira mini Baba. Ya zo ya tsaya a bayan asabari, ina ganin ƙafafunsa kawai.

"Iyata, lafiya?"

"Baba, sau ɗaya. Ka yi mini sau ɗaya, don in iya ɗaga kaina a gidan mutane."

Ya ce, "Ki roƙi wani abin. Ki ce in ba ki gonar fadama, yanzu in kira shaidu."

Nan ne na faɗi maganar da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Na san inda yake da taushi, na kuma sa yatsa daidai wurin. Na ce:

"Kullum kana cewa ni uwarka ce. To yau uwarka ce ke roƙonka. Za ka ƙi ta?"

Ƙafafun nan suka daɗe ba su motsa ba. Sannan na ji ya ce, "To, Iyata." Ya juya ya tafi.

Da safe aka taru, aka raba goro, Liman ya yi addu'a, aka raɗa suna. Na matsa jikin danga inda kara ya ɓalle, na sa ido. Na ga Baba ya fito da farar riga, ya naɗe hannuwanta. Ya karɓi wuƙar, ya gwada kaifinta a farce, ya zauna ya wasa ta a dutse, ba gaggawa. Ya haƙa ɗan rami. Ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya ya ba ragon ya sha, kuma a nan ne na ga ya tsaya yana kallon idon ragon har ruwan ya zuba. Aka kayar da ragon aka fuskantar da shi alƙibla. Ya yi bisimilla. Wallahi kafin in ƙifta ido an gama, ragon ko shure-shuren kirki bai yi ba. Sai Baffa Yero ya daka tsalle:

"La ilaha illallahu! Ashe gwani ne! Kofur, ashe rainin hankali kake yi mana shekara da shekaru! Barebari, na sara muku yau!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Goggo Dije ta rungume ni. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi ya cika ni har na yi hawaye. Na ce yau na huta. Ban lura ba sai daga baya cewa Baba bai tsaya karɓar barka ba. Ya ajiye wuƙar a ƙasa, ya nufi bakin rijiya, ya ja guga ya wanke hannu. Ya sake ja ya wanke. Ana ta hidima, ana ta suya, har rana ta take, Iya ta je ta same shi yana nan yana cuɗa hannuwansa da yashi.

Da yamma na ce a kai masa takwaransa. Ya mayar da hannuwansa baya, kamar ranar zakaran nan, ya ce a bar shi wurin uwarsa. Abba, daga ranar sunanka kakanka bai ƙara taɓa ka ba.

Kwana arba'in na wankan jego na yi su ina kallon ubana yana zagwanyewa. Ya daina sa hannu a kwano ɗaya da maza, ya ce a riƙa zuba masa daban, daga baya ko an zuba sai a ɗauke shi yadda aka ajiye. Ya daina ba mutane hannu a masallaci, har aka fara cewa girman kai ya shige shi tunda Fulani suka yabe shi. Wanke hannu kuwa ya zama aikinsa: da yashi, da toka, da sabulun salo, har fatar ta tsattsage tana fitar da ruwa. Damina ta sauka, gonar da ake tsayawa kallo ciyawa ta cinye ta. Aka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi turare. Aka kai shi asibiti a Kazaure, suka ba da man shafawa suka ce a hana shi taɓa ruwa. Wa zai hana shi?

Ana jibi zan koma ɗakina, da hantsi, na same shi a gindin ɗorawar bayan gida, hannuwansa a kan gwiwa naɗe da tsumma. Na durƙusa na ce ya yafe mini in wani abu na yi. Ya ce in zauna. Abin da ya gaya mini ban taɓa gaya wa kowa ba, har babanku ya rasu bai ji ba. Binta, rubuta shi yadda ya faɗa.

"Iyata, a can wurin yaƙi Musulmin cikinmu ba sa cin nama sai wanda Musulmi ya yanka. Da aka ga na iya, sai aka ba ni wuƙa. Akuya, saniya, duk abin da aka samo, ni ne. Har Liman suke kirana. Na ji daɗin aikin, domin yakan raba ni da bindiga. Wata rana da hantsi kamar haka, wani babba a cikinmu ya aiko a ce Liman ya zo da wuƙarsa. Na wasa ta kamar kullum, na fito ina tambaya ina akuyar. Ba akuya ba ce. Saurayi ne a ɗaure, an ce leƙen asiri ya zo, kuma ba a son ƙarar harbi a wurin. Ya dube ni ya ce, Malam, don Allah ruwa. Da Hausa ya faɗa, Hausa tas, ya ce a Kano aka haife shi. Na ba shi ruwa a ƙwarya. Sai da ya sha na tuna wa nake ba ruwa haka."

Ban tambaye shi hannun wa ya ƙarasa ba, shi ma bai faɗa ba. Can ya ce:

"A ranar na yi wa Ubangiji alkawari, hannun nan ba zai ƙara bi ta wuyan mai rai ba har in mutu. Ba ni da abin da zan biya yaron nan da shi. Alkawarin nan kaɗai nake da shi. Duk wanda ya yi mini dariya, sai in ji sanyi, in ce ga shi ina biya. Shi nake riƙe da shi in je in nuna."

"Baba, ai sai ka yi kaffara. Liman ya ce…"

"Na yi. Na yi azumin. Liman ya ce ya wadatar, na kuma yarda Allah mai gafara ne. Amma da na ba ragon nan ruwa, idon yaron na gani, kuma tun ranar bai kau da kai ba."

Na fashe da kuka na ce ni ce, ni na jawo. Ya ɗaga hannun nan mai tsumma kamar zai dafa kaina, sai ya mayar da shi.

"Ba ke ba ce, Iyata. Ke ba ki sani ba. Je ki, yaro na kuka."

Na koma Gwiwa. Aka tarbe ni kamar 'yar sarauta. Ba a ƙara cewa in shiga ɗaki in ja ƙofa ba. Abin da na roƙa na samu, cif, babu ragi. Na ɗaga kaina a gidan mutane wata biyu. Gero na fitar da kai aka aiko da keke cewa in zo. Ciwon hannun ya ruɓe ya shiga jini, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara, kuma babu abinci a cikinsa da zai yi faɗa da shi. Na tarar an riga an kai shi. Mutumin da ya je yaƙi ya dawo da ƙafafunsa, ragon suna ya kashe shi a gidansa, da bakin 'yarsa.

Baffa Yero ya zo gaisuwa ranar uku. Ya yi kuka na gaske, na gani. Amma abokin wasa ko a zaman makoki sai ya taɓa, haka al'ada take. Da zai tashi ya share ido ya ce:

"Allah ya jiƙan Kofur. Ya dai ci yaƙin rago kafin ya tafi."

Aka yi 'yar dariya, irin ta masu makoki. Iya tana cikin takaba a ƙuryar ɗaki, ta ji. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba, sai sau ɗaya, ranar da ta fita takaba. Muna tsince wake ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Duk duniya ke kaɗai ce ba ya iya ce wa a'a. Kin kuma sani."

Shi ke nan abin da ta faɗa, kuma ya ishe ni har kabari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yankan da ya yi bai ma goge komai ba. Shekara biyu, uku, aka manta da gwanintar, aka koma wa tsohon labarin, domin shi ya fi daɗin faɗa. Sojan da ke gudun kaza. Ya bi ni gidan aure, ya shiga bakin 'ya'yana, yau ga shi a bakin jikoki. Wuƙar kuwa da Baffa Yero ya rasu ta dawo hannun babanku, daga shi ta zo hannun Abba. Kowace Sallah sai na ga an zaro ta daga kube ana yaba ƙarfenta, ana cewa ta kakanni ce. Shekara arba'in da wani abu ina kallonta. Na yi shiru saboda sirrin ubana, na yi shiru saboda kunyar kaina, kuma in faɗi gaskiya, na biyun ya fi nauyi. Na bar ku kuna yi masa dariya don kada ku san abin da na yi.

Kwana biyu bayan Sallah, da kuka fita yawon gaisuwa, na ɗauke ta na sa a cikin zane. Na ce muku zan je dubiya Roni. Na hau babur har ƙauyenmu. Gidan ya zama kango, ɗorawar an sare ta, amma rijiyar tana nan, an daina sha, an ɗora mata itace. Na janye itacen na saki wuƙar. Na daɗe a tsaye kafin in ji ta taɓa ruwa. Can take, inda ya yi ta wanke hannunsa. Duk mai son ta ya je da igiya.

Abba, saura kai. Gobe ka sa rigarka ka je rumfar Ɗanladi, a gaban mutanen da ka tara masa, ka ba shi haƙuri. Ka sayi wata wuƙar, ka yi layyarka, ibada ce, ban hana ka ba. In Nura ya kau da kai, ka ƙyale shi. Kuma kai da 'yan'uwanka kun sha faɗa cewa tsohuwar nan ta cika alkunya, ɗan fari ya yi furfura har yau ba ta iya kiran sunansa ko haɗa ido da shi. Kunyar ɗan fari tana ciki, ban musa ba. Amma ba ita kaɗai ba ce. In na dube ka, farar rigar nan nake gani da hannuwa a naɗe. Ba laifinka ba ne, kwananka bakwai a duniya. Ni ce ban iya raba ku ba, na kuma tauye ka, ka yafe mini.

Sunan da kake amsawa, mai shi ya saya maka shi da abin da ya fi ƙarfinsa, saboda na roƙe shi. Ban taɓa furta shi ba, ba don uba ba, ba don ɗa ba. Binta ta ɗago kai tana kallona, tana jira ta ji ko zan iya. Rubuta, Binta. Ba Kofur ba. Sunansa Abubakar.